Muda: Ɓarnar da Ba Ta Kama da Ɓarna

Akwai wani labari da tsofaffin ma'aikatan kamfanin Toyota ke yawan bayarwa game da Taiichi Ohno, injiniyan da ake danganta tsarin aikin kamfanin da shi fiye da kowa. Idan aka kawo masa matashin injiniya, sabon fitowa daga jami'a, kai cike da lissafi, sai ya ja shi zuwa tsakiyar masana'anta, ya ɗauki alli ya zana da'ira a ƙasa, ya ce ya tsaya a ciki ya yi kallo. Ba ya faɗa masa abin da zai kalla. Bayan sa'o'i sai ya dawo ya tambaye shi abin da ya gani, in amsar ba ta gamsar da shi ba ya ce a ci gaba da tsayuwa. Akwai waɗanda suka wuni a cikin da'irar nan.

Da farko mai tsayuwar ba ya ganin komai sai masana'anta mai aiki: injuna na ruri, mutane na kai da komo, gumi na zuba. Sai idonsa ya saba da hayaniyar sannan ya fara lura cewa wancan mutumin yakan yi taku shida zuwa inda sifana take, ya yi taku shida ya dawo, kuma zai maimaita haka sau ɗaruruwa kafin a tashi. Cewa wancan kuma yana tsaye ne kawai yana gadin injin da ke aikinsa shi kaɗai. Cewa tulin kayan da ke lungu tun safe babu wanda ya taɓa shi. Abin da Ohno ke so ya gani ke nan, sunansa kuwa da harshen Japan muda.

Bahaushe zai ji kalmar kamar sunan wani maƙwabcinsa. Sau da yawa akan fassara ta da ɓarna ko almubazzaranci, amma fassarar ba ta zauna daidai ba. Almubazzaranci abu ne da ake gani, kamar abincin biki da aka zubar ko famfon da aka bari yana tsiyaya, kuma mutanen Japan suna da wata kalma dabam ta takaicin irin wannan, wato mottainai, wadda marigayiya Wangari Maathai ta Kenya ta yayata a duniya bayan ziyararta Japan a 2005. Muda ta fi kusa da abin da muke kira wahalar banza, ko aikin baban giwa. Ma'aunin da Toyota ya ɗora ta a kai mai tsanani ne: duk wani motsi, ko lokaci, ko kaya da bai ƙara wa abin da ake ƙerawa wata daraja da mai saye zai yarda ya biya kuɗinta ba, to muda ne, ko da mai yin sa ya jiƙe sharkaf da gumi. A rubutun Japan, harafin da ke nufin "aiki" shi ne harafin "motsi" da aka jingina wa alamar mutum a gefe, Ohno kuwa ya sha amfani da wannan wajen nuna wa mutanensa cewa motsi daban, aiki daban.

Ra'ayina shi ne wannan tunani yana cikin mafi kaifin abubuwan da harkar masana'antu ta haifar a ƙarni na 20, kuma duniya ta karɓi rabinsa ta yar da rabi. Kafin in kai ga rabin da aka yar, ya kamata a san inda abin ya samo asali, domin talauci ne ya haife shi.

Kiichiro Toyoda ya kafa kamfanin motocin a 1937, daga cikin sana'ar mahaifinsa Sakichi ta ƙera injunan saƙa. Bayan Japan ta sha kaye a yaƙin duniya na biyu a 1945, babu kuɗi, babu ƙarfe, kasuwar cikin gida kuma ƙarama ce mai son motoci iri-iri 'yan kaɗan-kaɗan. Ohno, wanda aka haifa a 1912, ya fara aiki a masaƙar gidan Toyoda a 1932 kafin ya koma ɓangaren motoci a 1943. Ya ji ana cewa aikin da Ba'amurke ɗaya ke yi sai Japanawa tara sun taru a kansa, sai ya ƙi yarda cewa Ba'amurke ya ninka Bajapane ƙarfi sau tara. In har lissafin gaskiya ne, to akwai wani abu da ke cinye ƙarfin mutanensa a banza, kuma wannan abin ake nema.

Sai 1950 ta zo da darasin da kamfanin bai taɓa mantawa ba. Matakan tsuke bakin aljihu da aka ɗauka a ƙarƙashin mulkin mamayar Amurka sun durƙusar da kasuwa, motoci suka taru ba masu biya, kuɗi ya ƙare. Bankuna suka yarda su ceci kamfanin bisa sharaɗin a raba sashen sayarwa da na ƙira, a kuma rage ma'aikata. Aka yi yajin aiki na kusan wata biyu, aka nemi mutum 1,600 su ajiye aiki, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. Da yaƙin Koriya bai ɓarke a watan Yunin shekarar ba, har sojan Amurka suka yi odar manyan motoci, da wataƙila yau babu wanda ya san Hilux ko Hiace a tashoshinmu. Kamfanin da ya kusa mutuwa saboda ya ƙera abin da ba a saya ba, ba mamaki in ya ɗauki ƙera abin da ya wuce buƙata a matsayin uwar dukkan ɓarna.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, domin hankali bai saba da ganin yawan samarwa a matsayin laifi ba. Ma'aikacin da aka ce ya yi ɗari ya yi ɗari da hamsin, ai yabo ya kamata. Ohno ya ce a'a. Hamsin ɗin nan sun cinye ƙarfen da aka biya kuɗinsa tun kafin lokacinsa, za a nemo musu wurin ajiya, a ɗauki mai ɗauke su zuwa sito, da mai ƙirga su, da mai goge musu tsatsa, kuma in akwai aibi a jikinsu ba za a gane ba sai bayan makonni, lokacin da an riga an yi dubu irinsu. Daga wannan ɓarna ɗaya sauran ke tsirowa. Bakwai ya lissafa gaba ɗaya a littafinsa na 1978: samar da fiye da buƙata, da jira, da jigilar kaya daga nan zuwa can, da yi wa kaya aikin da ya wuce abin da ake nema, da tara kaya a sito, da motsin jiki marar amfani, sai kuma kaya masu aibi da za a sake ko a zubar. Ba duka ba ne ake iya kawarwa nan take. Wani aikin, kamar duba kaya kafin su fita, ba ya ƙara daraja amma dole ne a yi shi muddin ba a amince da hanyar ƙirar ba, don haka sai a rage shi a hankali.

Maganin da suka samo sun aro shi ne daga manyan kantunan Amurka, inda mai saye ke ɗaukar abin da yake so daga kanta, mai kanti kuma ya mayar da daidai abin da aka ɗauka. Suka juya masana'anta ta koma haka: kowane sashe ba ya ƙera komai sai sashen da ke gabansa ya zo ya ɗauka, ya bar masa wani ɗan kati, kanban, mai cewa a mayar da kaza. Babu kati, babu ƙira. Sukan kwatanta kayan sito da ruwan kogi, matsalolin masana'anta kuma da duwatsun da ke ƙarƙashi. Muddin kogi na cike, jirgi zai wuce, kowa ya ɗauka lafiya lau. Ka rage ruwan da gangan, sai duwatsu su bayyana: injin da ke yawan lalacewa, ɗan kwangilar da ke makara, ma'aikacin da ba a koya wa aiki da kyau ba. Sai a fasa dutsen, a ƙara rage ruwan.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne igiya. Injin saƙar da Sakichi Toyoda ya kammala a 1924 yana tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Wannan tunani ne ya zama igiyar da ke rataye a saman layin haɗa motoci, wadda ƙaramin ma'aikaci ke da ikon ja idan ya ga abin da bai yi masa ba. Shugabansa ya rugo, in ba a warware matsalar cikin ɗan lokaci ba layin ya tsaya. A masana'antun Amurka na wancan zamani tsayar da layi kusan laifin kora ne, gara a bar mota ta wuce da aibinta a gyara ta a ƙarshe. An gwada tsarin biyu a kan mutane ɗaya a garin Fremont na jihar Kalifoniya. General Motors ya rufe masana'antarsa ta can a 1982, tana cikin mafi muni da yake da su, inda a rana guda kusan kashi 20 cikin 100 na ma'aikata kan ƙi zuwa aiki. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka dawo da akasarin mutanen nan da ƙungiyar ƙwadagonsu, kuma cikin ɗan lokaci ingancin motocinta ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors. Mutanen ba su sauya ba. An dai daina ɗora musu laifin ɓarnar da tsari ya haifar.

Ni kaina na taɓa aiki a wani ɗakin labarai inda rahoton da na rubuta cikin minti 40 kan yi sa'a uku yana jiran sa hannun mutum uku, biyu daga cikinsu ba sa karantawa. Kullum faɗan da ake mana shi ne mu riƙa saurin rubutu. Babu wanda ya taɓa ƙirga sa'a ukun, saboda ba a kan teburin kowa suke ba, tsakanin tebura suke. Wanda ya fahimci muda ya san cewa a nan mafi yawan lokaci ke mutuwa, a ofis ne ko a asibiti, shi ya sa asibitin Virginia Mason da ke Seattle ya kwashi shugabanninsa zuwa Japan a 2002 don su koyo tsarin daga masu ƙera kaya.

To, ina rabin da aka yar?

A Toyota muda ba ta tafiya ita kaɗai, tana da 'yan'uwa biyu. Akwai mura, ba murar sanyi ba, wato rashin daidaito a aiki: yau a yi zaman kashe wando, gobe a kwana ana aiki. Akwai kuma muri, ɗora wa mutum ko inji abin da ya fi ƙarfinsa, ɗaukar Dala ba gammo. Ukun a sarƙe suke. Aikin da ke zuwa a hargitse shi ke tilasta a ɗora wa mutane fiye da kima a ranar cunkoso, wanda aka ɗora wa fiye da kima kuwa shi ke yin kuskure, injin da aka takura shi ke lalacewa. Amma lokacin da tsarin ya ƙetare teku, musamman bayan littafin da masu bincike na jami'ar MIT suka fitar a 1990 kan masana'antar motoci ta duniya, muda ce ta yi farin jini. Dalilin ba boyayye ba ne. Rage muda yana bayyana a littafin kuɗi cikin wata uku: an rage sito, an rage ma'aikata, riba ta ɗaga. Rage mura yana nufin manya su gyara yadda suke karɓar oda da tsara aiki, rage muri kuma wani lokaci yana nufin a ƙara mutane. Manajan da zai zaɓa ya san wadda za ta kai shi gaba.

Kada kuma a ɗauka cewa baƙi ne kaɗai suka gurɓata abin, a gida Japan komai daidai. Wani ɗan jarida, Satoshi Kamata, ya shiga Toyota a matsayin ma'aikacin wucin gadi a 1972, ya yi wata shida yana haɗa giyabos, ya fito ya wallafa abin da ya gani a 1973. Hoton da ya zana na mutane ne da aka ƙididdige wa kowane motsi da daƙiƙa, ana ƙara wa layi gudu, ana cire mutum ɗaya a raba aikinsa ga sauran. A nan matsalar ma'aunin take. In aka auna da abin da mai saye zai biya kawai, to daƙiƙa goman da ma'aikaci ke miƙe bayansa tsakanin mota da mota jira ne, jira kuwa muda ne. Mai saye ba zai biya kuɗin numfashin kowa ba. Ma'aunin bai san bambanci tsakanin taku shida na banza zuwa wurin sifana da ɗan sararin da jiki ke buƙata ba. Mutum ne zai bambance, kuma ya danganta da wanda ke riƙe da agogon.

A watan Fabrairun 2002 wani ma'aikacin Toyota ɗan shekara 30 ya yanke jiki ya faɗi a masana'antar Tsutsumi da asuba, bai tashi ba. Hukumar ƙwadago ta ƙi amincewa cewa aiki ne ya kashe shi, matarsa ta kai ƙara. A watan Nuwamban 2007 kotun Nagoya ta yanke hukuncin cewa mutuwarsa karoshi ce, mutuwa saboda yawan aiki, ta kuma ƙirga masa sama da sa'a 106 na ƙarin lokaci a watansa na ƙarshe. Abin lura a hukuncin shi ne kotun ta ɗauki tarurrukan inganta aiki, waɗanda ake cewa na sa kai ne, a matsayin aiki. Wato sa'o'in da mutumin ya ɓata yana farautar ɓarna suna cikin abin da ya cinye shi. A shekarar da ta biyo baya kamfanin ya sauya yadda yake biyan waɗannan sa'o'i.

Akwai wani sharaɗi kuma da masu kwaikwayo ke tsallakewa. Bayan raunin 1950, Toyota da ƙungiyar ma'aikatansa sun gina wata fahimta, wadda suka sa wa hannu a 1962, kuma a aikace ma'aikacin dindindin ya san ba za a kore shi don ya nuna cewa aikin mutum biyar mutum huɗu za su iya ba. Za a kai na biyar wani sashe. Ba don haka ba, wane mai hankali ne zai nuna wa manaja hanyar da za a sallame shi? Kamfanin da ya kira taron rage ɓarna ranar Litinin, ya raba takardun sallama ranar Juma'a, ya koya wa sauran ma'aikatansa su kama bakinsu har abada. Sai dai ko a Japan rigar kariyar nan ba ta rufe kowa ba. Ma'aikatan wucin gadi da ƙananan 'yan kwangila su ne ke shanye bugun duk lokacin da kasuwa ta girgiza. Kayan da aka hana zama a sito ma ba ɓacewa suka yi ba, sun koma bayan manyan motoci da ke yawo a hanya don su iso a daidai sa'ar da aka yanka musu. Sai a watan Afrilun 2024 doka ta kayyade wa direbobin manyan motoci na Japan sa'a 960 na ƙarin lokaci a shekara, shekara biyar bayan an kayyade wa akasarin sauran ma'aikata.

Maganar sito ita ce inda na fi saɓa wa masu wa'azin tsarin. Ranar 1 ga Fabrairun 1997 gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin a garin Kariya, wadda ita ce ke yi wa Toyota kusan dukkan wani ɗan ƙaramin bawul na birki. Abin da ke hannu bai wuce na 'yan kwanaki ba, layukan Toyota suka tsaya cak. Kamfanoni sama da 60, har da Brother mai ƙera keken ɗinki, suka karɓi zanen bawul ɗin suka shiga ƙera shi, cikin kimanin mako guda aiki ya dawo. Masu yabon tsarin kan kawo wannan a matsayin hujja, kuma suna da gaskiya, amma hujja ce ta zumuncin da aka shekara 40 ana ginawa tsakanin kamfanoni maƙwabtan juna. Wanda ya kwashe kayan sitonsa alhali mai kawo masa kaya yana bayan teku, kuma babu abin da ya haɗa su sai farashi, ya kwaikwayi rabin abin ne kawai.

Girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011 ta fi ƙarfin zumunci. Ta lalata masana'antar Renesas da ke Naka, mai yin 'yan ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ke sarrafa mota, kuma irin wannan kaya ba a koya wa mai keken ɗinki yin sa cikin mako. Sai da Toyota ya kwashe kusan wata shida kafin ya dawo daidai. Abin da ya yi bayan nan shi ne ya bi diddigin masu kawo masa kaya har zuwa na can ƙasa, ya ware kayan da in sun yanke babu madadinsu, ya buƙaci a riƙa ajiye na wata biyu zuwa shida na waɗannan ƙwaƙwale. Kamfanin da ya koya wa duniya cewa sito ɓarna ne, ya gina rumbu. Da ƙarancin ƙwaƙwalen ya auka wa duniya a lokacin annobar korona, abokan hamayyarsa suka riga shi durƙusawa, har a 2021 ya fi General Motors sayar da motoci a Amurka, karo na farko da wani ya sha gaban General Motors a can tun 1931. Rumbun bai hana shi jin jiki ba, domin a watan Satumban shekarar sai da ya rage ƙira da kashi 40 cikin 100, amma ya saya masa watanni. Manomin da ke ajiye hatsin shekara saboda bai san yadda damina mai zuwa za ta kasance ba, ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Yawan abin da ya kamata a ajiye ya danganta da yawan abin da ba a da tabbas a kansa, kuma inda wuta da hanya da tashar jiragen ruwa ba su da alƙawari, abin da littafi ya kira muda shi ne ke hana masana'anta rufewa.

A watan Disamban 2023 wani kwamiti mai zaman kansa ya fitar da rahoto kan Daihatsu, kamfanin ƙananan motoci da Toyota ya mallaka gaba ɗaya. Ya gano maguɗi 174 a gwaje-gwajen da ake yi kafin hukuma ta amince da mota, har da gwajin karo, abin da ya shafi samfura 64, wasu ana sayar da su da tambarin Toyota, mafi daɗewa kuma tun 1989. Dalilin da kwamitin ya fi ɗora wa alhaki shi ne jadawalin ƙirƙirar sababbin motoci da aka matse ƙwarai, ba a bar wurin faɗuwa gwaji a sake ba, ga kuma yanayin da ƙaramin ma'aikaci ba ya iya buɗe baki ya ce wa na sama lokaci ba zai isa ba. An cire duk wani sarari da sunan ɓarna ne, sai injiniyoyi suka koma cike gurbin da ƙarya. A cikin gidan da ya ƙirƙiro igiyar tsayar da layi, an shekara sama da 30 babu wanda ya ja ta a wannan sashe. Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya fito a watan Janairun 2024 ya sunkuyar da kai ya nemi gafara. Masana'antun Daihatsu huɗu na Japan kuwa sun tsaya tun daga ƙarshen Disamba, ma'aikata kusan 9,000 suna zaman jira, ba a fara sake kunna layi na farko ba sai a watan Fabrairu.